Naira biyu duk kalma: in karɓa ko in ce albarka?

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar nan. Wani ne ya min magana, yana da shafi da yake saka bayanai kan kiwon lafiya da girke-girke da Hausa, yana so in dinga rubuta masa guda uku duk sati, kowanne kalma dubu. Ya taya naira biyu duk kalma, wato dubu biyu kowane rubutu kenan. Ya ce wai in yi haƙuri, in shafin ya fara kawo kuɗi zai ƙara min. Ni kuma gaskiya ban taɓa rubutun kuɗi ba, shekara huɗu ina rubuta labarai kyauta a guruf-guruf, wannan ne karon farko da wani ya ce zai biya ni, sai nake jin kamar in na ce ya yi kaɗan zai gudu. Jiya na gwada guda ɗaya don in ga yadda abin yake, kan hawan jini ga mai ciki, ya ci min wajen awa biyar har da karance-karancen da na yi. Nawa ake karɓa a ƙa'ida? Ko akwai wani tsayayyen farashi da ban sani ba?

Dan_Fagge:
Wslm. Karbi kawai Anti, da babu gara ba dadi. Ni da na fara dari biyar ake bani a rubutu guda kuma har godiya nake. Dubu shida a sati, dubu ashirin da hudu a wata, ai ko ba komai kin samu na data da na sabulu

Hajiya_Kaltume:
Ɗan Fagge wace shekara aka ba ka ɗari biyar ɗin? In dai lokacin da ake shan litar fetur ƙasa da ɗari biyu ne, kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023, to ba ɗari biyar ɗin yau ba ce. Ku daina ba yara shawara da farashin da ya mutu. Ummu Haidar kar ki amsa masa tukuna, ki bari ki ji ta bakin jama'a.

Sadiq_Tafinta:
Wa alaikumus salam. Babu wani tsayayyen farashi Anti, ba hukumar da ta yanka, kowa da yadda ya iya cinikinsa. Amma ke da kanki kin ba da amsar a cikin tambayarki, awa biyar. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 dubu saba'in ne. Raba shi kwana 22 na aiki, ya kama dubu uku da ɗari biyu ba kaɗan a rana, raba awa takwas, wajen naira ɗari huɗu kenan duk awa. Ke kuma dubu biyu a awa biyar, ɗari huɗu cif. Wato kin yi kunnen doki da mai sharar ofis, sai dai shi mai shara ba shi yake sayen tsintsiya ba, ke kuwa data taki, caji naki, waya taki, in ta lalace ke za ki kai gyara. In kin cire waɗannan kin koma ƙasa da shi.

Ni yadda nake yi daga ƙarshe nake farowa. In ce nawa nake so ya shigo min a wata? A ce dubu ɗari biyu. Kwana nawa zan zauna in yi rubutu na gaske? Ba talatin ba, don akwai ranar da ba wuta, akwai ranar biki da jana'iza, akwai ranar da neman aikin kake ba yin sa ba, sai in sa sha biyar. Kalma nawa zan iya fitarwa a rana mai kyau wadda na duba na gyara? A ce 1,200. Ya zama kalma dubu sha takwas a wata. Raba dubu ɗari biyu da shi, naira sha ɗaya da ɗoriya. To ni nan ne bakin rijiyata, duk wanda ya taya ƙasa da haka na san asara zan yi ko da kuwa alat ya shigo ina murna.

Dan_Fagge:
Sha daya?? Malam Sadiq a Kano wa zai baka sha daya a rubutun Hausa, ai sai dai ka yi ta lissafi kai da kalkuletarka har azahar

Sadiq_Tafinta:
Akwai masu bayarwa, sai dai ba su ne suke yawo a guruf suna cewa "ana neman marubuci da gaggawa" ba.

Maman_Ilham:
Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne "in shafin ya fara kawo kuɗi zan ƙara miki". Wallahi na ji wannan maganar sau uku a rayuwata daga mutum uku daban, ba wanda ya ƙara ko sisi. Na ƙarshen ma da shafin nasa ya fara kawo kuɗin sai ya samo wata sabuwa da za ta yi masa a rabin nawa, ni ko sallama bai min ba, sai gani na yi an daina turo min aiki. Farashin da kika fara da shi da mutum shi ne zai bi ki, a idonsa ke 'yar naira biyu ce har abada.

Malam_Inuwa:
Salamu alaikum. Na yi shekaru ina gyaran rubutu a gidan jarida kafin in yi ritaya, bari in sa baki kaɗan. 'Yata Ummu Haidar, kafin maganar nawa akwai maganar yaya. Iyayenmu tun da can sun san wannan, shi ya sa ko wajen malamin zaure ka je neman rubutu sai ka ajiye kafin alƙalami. Ki nemi rabi kafin ki fara, rabi in kin gama kafin ki tura cikakken aikin. Wanda ya ƙi ba da rabi to dama ba shi da niyyar ba da duka.

Na biyu, a rubuta. Ba sai an je wajen lauya ba, saƙo ɗaya a WhatsApp ya isa: kalma nawa, nawa ne kuɗin, yaushe za a biya, gyara sau nawa, sunan wa zai fito a kan rubutun. Ya amsa da "na yarda", ki ɗauki hoton saƙon ki ajiye. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce kunya. Kunyar nan ita ta cinye kuɗin marubuta da yawa da na sani, wasu sun rasu suna bin mutane.

Ummu_Haidar:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar sunan nan ma ban yi tunaninta ba, ya ce sunan shafin kawai zai dinga sawa.

Hajiya_Kaltume:
To kin gani. Ba kuɗi ba suna, me ya rage miki? In zai cire sunanki kuɗin ƙaruwa ya kamata ya yi, don gobe ba ki da abin da za ki nuna wa wani ki ce ni na rubuta. Ni in ba sunana ninkawa nake yi.

Issoufou_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan lissahinmu ya ɗan bambanta, sefa tana ɗaure da yuro, ba ta tsalle-tsalle irin na naira, in ka yi ciniki da mutum yau bayan wata ukku kuɗinka na nan yadda yake. Amma ni da nake karɓar aiki daga Kano da Katsina na sha wuya, mun shirya da naira, kahin a biya ni naira ta faɗi, da na canza sai na ga jikka nawa suka tahi a banza. Tun daga nan sai na ce ko a biya ni da sefa ko a biya cikin sati guda. Aikin da ya fi tsoka nan shi ne na ƙungiyoyi masu porje, wato ayyukan tallahi, fassara daga Faransanci, saƙonnin rediyo kan allurar rigakafi ko noma, su da shafi suke biya ba da kalma ba. Da aka mai da Hausa harshen ƙasa a 2025 mun yi murna mun ce aiki zai ɓarke, to har yanzu dai muna zuba ido.

Wani abu kuma ku riƙa tambayar mai aiki wace Hausa yake so. Mu muna rubuta ƴaƴa da ƴ mai lanƙwasa, ku kuna sa 'y. Na taɓa gama aikin shafi arba'in aka maido min wai in mai da shi Hausar Najeriya, ba a ƙara min ko dala ba saboda ban tambaya ba tun farko.

Zee_Marubuciya:
Lah ashe ba mu kaɗai ba 😂 Ni ɓangarena daban ne, littafin kuɗi nake yi. Ina sakin shafi goma kyauta, in labari ya ɗau zafi in ce mai son ci gaba ya biya ɗari biyar, na musamman dubu ɗaya. In mutum ɗari uku suka biya kin ga ai ya fi naira biyun nan nesa ba kusa ba, kuma labarin naki ne. Matsalar ɗaya ce, masu fitarwa. Mace za ta biya ɗari biyar ta kwashe littafin ta watsa a guruf goma, kafin ki farka wani ya karanta shi a YouTube da muryarsa yana cin kuɗin talla, ko sunanki bai ambata ba. Na yi Allah ya isa har na gaji. Anti Ummu tunda kina da masu karatu shekara huɗu me ya hana ki gwada nan?

Ummu_Haidar:
Zee tsoro nake ji wallahi, mutanen da suka saba da kyauta ranar da ka ce su biya sai ka zama abokin gaba. Kuma ina son in koyi irin wannan rubutun na bayani, ba labari kaɗai ba.

Abba_Sikirif:
Duk kuna da sauƙi. Ku zo harkar fim ku ga yadda ake yi da marubuci. Furodusa zai kira ka ya ba ka labari a baki a cikin mota, ka je ka yi sati uku kana tsara fitowa-fitowa, ya karɓa ya ce sai an sayar. Jarumi an biya shi a lokeshan, mai kyamara an biya shi, mai abinci an biya ta, marubuci ne kaɗai ake ce wa sai an sayar. Yanzu da aka koma masu dogon zango ni kowane kashi nake yi wa kuɗi, in ba da biyar, in ban ga alat ba na shida ba zai fito ba. Sau ɗaya aka tsaya cak a lokeshan ana jirana, daga ranar ake biyana a kan lokaci.

Hajiya_Kaltume:
Abba ka burge ni 😂 maganin biri karen maguzawa.

Nura_Remote:
Ni shawarata ku daina wahalar da kanku da kasuwar gida, ku fita waje. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haye 1,500. Wanda yake karɓar dala bai ji zafin da kuka ji ba. Ni fassara nake yi Turanci zuwa Hausa, akwai kamfanin da yake ba ni senti biyar duk kalma, kalma dubu dala hamsin kenan, ku buga da kanku ku gani. Ku buɗe Upwork da Fiverr, shafukan neman aiki a intanet, ku yi rajista a ProZ na masu fassara, ku buɗe Payoneer don karɓar kuɗin. Shi kenan.

Sadiq_Tafinta:
Nura ba "shi kenan" ba ne, ka faɗa musu sauran. Fiverr na cire kashi ashirin cikin ɗari, dala hamsin ɗinka arba'in ce, kuma sai ta yi sati biyu kafin ka iya taɓa ta. Upwork sai ka sayi abin da suke kira Connects kafin ka nemi aiki, za ka iya nema sau ashirin ba wanda ya ko buɗe saƙonka, kuɗinka ya tafi. Sannan wajen cirewa a sake yanka, wajen canji a sake yanka. Ni na yi wata huɗu kafin in samu aikin farko. Ban ce kar a shiga ba, ni ma ina ciki, amma wanda ba shi da abin da zai ci a wata huɗun nan kar ya saki na hannu. Sannan Anti Ummu rubutu take yi da Hausa ba fassara ba, masu neman a rubuta musu bayani da Hausa daga tushe a can ba su da yawa, fassara da duba fassarar inji su ne suka fi fitowa.

Nura_Remote:
Eh to haka ne, amma duba fassarar injin nan ma ai kuɗi ne

Sadiq_Tafinta:
Kuɗi ne, rabin farashi suke bayarwa wai ai inji ya yi aikin. Kai kuma ka buɗe ka tarar ya mai da mace namiji tun daga layin farko har ƙarshe, ya fassara karin magana kalma da kalma, dole ka goge ka sake daga farko. Ni yanzu sai na ga samfurin shafi biyu kafin in faɗi kuɗi. Kuma in fassara ce ku yi ciniki a kan kalmomin Turancin da aka ba ku ko na Hausar da za ku mayar, a fayyace tun farko, don Hausa ta fi cin kalmomi, abin da Bature ya faɗa da kalma ɗaya mu sai mu yi uku.

Dan_Fagge:
Ni fa har yanzu ina kan bakana. Duk wannan lissafin na wanda ya koshi ne. Yarinya bata taba karbar ko naira daya ba kuna ce mata sha daya, in mutumin ya tafi ku zaku bata aiki? A bari ta fara, hannunta ya fada, ta tara abin nunawa. Ni ma rubuta wa dalibai furojet nake yi yanzu kuma da karamin kudi na fara

Malam_Inuwa:
Ɗan Fagge, abu biyu. Na ɗaya, rubuta wa ɗalibi furojet ya sa sunansa ya karɓi digiri ba ya cikin sana'ar da muke magana a kai, ka gyara masa Hausa ko ka buga masa wannan daban. Wanda ka rubuta wa yau shi ne zai koyar da ɗanka gobe. Na biyu, tun ɗazu nake karanta ka, "karbi", "dadi", "koshi", "karamin". Ina ƙugiyoyin? Wanda yake son a biya shi kuɗin rubutun Hausa ya fara da bambanta ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k. Gboard, kibod ɗin waya na Google, yana da Hausa, kyauta ne, minti biyu ka saka. Sau da yawa a tebur ɗina na ajiye rubutu mai ma'ana saboda ba ni da lokacin bin sa ina sa ƙugiya, na ɗauki wanda bai kai shi ba don ya zo a gyare. Da raba kalma: "ba ni" daban "bani" daban, "za ku" ba "zaku" ba.

Dan_Fagge:
Tuba nake Baba 🙏 a nan ne kawai nake sakin jiki, in aiki ne ina sawa. Maganar furojet kuma Allah ya yafe mana, yunwa ce

Admin_Balaraba:
Dan Allah a bar maganar furojet a nan, mun taɓa yin ta har aka yi faɗa mutum biyu suka fita. A koma kan tambayar Ummu Haidar.

Hajiya_Kaltume:
To bari in koma. Ɗan Fagge yana da gaskiya a abu ɗaya, tana buƙatar abin nunawa. Amma abin nunawa ba ya buƙatar rubutu goma sha biyu a wata har illa masha Allahu. Ki ce masa za ki yi guda huɗu a matsayin gwaji, da sunanki a kai, bayan nan ku sake zama. Kuma ni ba na son lissafin kalma ga irin wannan aikin. Rubutu kan yadda ake dambun shinkafa da rubutu kan hawan jini ga mai ciki duk kalma dubu ne, amma na farko daga kanki za ki zubo shi cikin awa ɗaya, na biyu sai kin karanta, kin tabbatar, wataƙila ma kin kira wata nas kin tambaya, don in kika yi kuskure rai ne. Ki yi musu kuɗi daban-daban. Sannan biyan kalma yana koya wa marubuci surutu, sai ka ga mutum yana "kamar yadda kowa ya sani" "ba shakka babu ko tantama" don dai ya cika dubu.

Maman_Ilham:
Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Da gyara! Ku sa iyaka a gyara. Akwai wata da na yi wa rubutun tallan kayan mata da turaren wuta, sau bakwai tana dawo da shi, kuma duk da saƙon murya na minti shida-shida, ƙarfe sha ɗayan dare, ƙarshe ta ce a mayar da na farkon ya fi daɗi. Yanzu gyara biyu ne a cikin kuɗi, na uku sabon ciniki. Kuma na daina amsa saƙon aiki bayan isha'i, maigidan ma ya fara ƙorafi.

Ummu_Haidar:
Maman Ilham ke da yara yaushe kike samun lokacin? Ni awa biyar ɗin nan da na ce a gutsure na yi ta, ina yi ina sauke tukunya.

Maman_Ilham:
Bayan asuba ƙanwata. Ba na komawa barci, daga biyar da rabi zuwa bakwai saura kafin a fara shirin makaranta, abin da nake yi a wannan lokacin ya fi na yinin gaba ɗaya. Karatu da neman bayani kuma da rana nake yi a waya in ina jiran wani abu, in ajiye a gefe, da asuba sai zubawa kawai. Data a kashe lokacin rubutu, in ba haka ba kin leƙa guruf ɗin nan kin ga ana muhawara shi kenan an yi bakwai 😅 Kuma ba na tura aiki ranar da na gama shi, sai ya kwana na sake karantawa da ƙarfi, kunne yana kama abin da ido ya tsallake.

Zee_Marubuciya:
Ku ƙara da ajiya dan Allah. An ƙwace min waya a adaidaita da littafi shafi sittin da ban saki ba, mutane sun riga sun biya, sai da na zauna na sake rubutawa daga ka ina kuka. Yanzu a Google Docs nake rubutu, ko wayar ta tafi aikin yana nan. Na kuma sayi ɗan kibod na bulutut saboda babban yatsana ya fara ciwo.

Abba_Sikirif:
Zee Allah ya mayar da alheri. Ni littafin bashi gare ni irin na mai kanti, sunan mai aiki, ranar da na miƙa, nawa ya bayar nawa ya rage. Da na duba ƙarshen shekara sai na ga mutum biyu ne suka ba ni fiye da rabin abin da na samu, sauran tara wahala ce kawai da yawan kira. Na sallami huɗu a cikinsu.

Malam_Inuwa:
Abin da Abba ya faɗa shi ne hanyar ƙarin farashi ma. Ba tsohon mai ba ka aiki ake fara ƙara wa ba, sabo ake gaya wa sabon farashi, in sababbi biyu sun karɓa sai ka koma wa tsohon da ƙarfin gwiwa, in ya ƙi ka san ba za ka kwana da yunwa ba. Kuma 'yata, tunda kin fara da lafiya ki tsaya a kanta. Masu rubuta komai da komai sun yi yawa, amma wadda ta san yadda za ta bayyana ciwon suga ko tazarar haihuwa da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane ba tare da an ɓata ma'anar likita ba, ba su da yawa, kuma ƙungiyoyin da Malam Issoufou ya ambata irin su suke nema a nan ma. Ki buɗe littafi ki dinga tara kalmomin fannin, yadda asibiti ke faɗa da yadda mutane ke faɗa. Ki nemi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na Bargery na 1934 ma yana intanet. In lokacin gasar Hikayata ta BBC Hausa ya zo ki shiga, tun 2016 ake yin ta kuma ta mata ce, ko ba ki ci ba kin koyi rubutu da iyakar kalmomi da wa'adi.

Nura_Remote:
Ƙungiyoyin nan fa yawanci sai da inbois, wato takardar neman biya, da asusun banki mai sunan kasuwanci suke biya, in abu ya fara kankama ki yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Na rasa wani aiki saboda wannan

Issoufou_Maradi:
Haka nan ma, in ba ka da takarda sai dai ka bi ta hannun wani ya ci la'ada a kanka.

Dan_Fagge:
To ni dai nawa zata ce masa? An yi ta zagaye har yanzu ba wanda ya fadi lamba. Ga ƙugiya nan Baba, na saka: ƙ ɗ ɓ

Hajiya_Kaltume:
Ni a ce ni ce, dubu takwas na lafiya, dubu biyar na girki, in sauka zuwa shida da huɗu in ya matsa.

Sadiq_Tafinta:
Ni ba zan sauka ƙasa da goma a na lafiya ba, amma ni ba yau na fara ba. Kar dai ki fara faɗin na ƙarshenki, Bahaushe ko nawa kika ce sai ya nemi ragi.

Maman_Ilham:
Shida ma in ya bayar ki karɓa wallahi, da sunanki da rabin kuɗi a gaba.

Ummu_Haidar:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na tura masa ɗazu, hannuna har rawa yake. Na ce dubu bakwai na lafiya, dubu huɗu na girki, guda huɗu na gwaji, sunana a kai, rabi kafin in fara, gyara biyu. Ya karanta ya yi shiru wajen awa ɗaya, sai ga shi ya ce wai ai akwai masu yi masa a dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma ko AI zai iya sawa ta rubuta masa kyauta. Na ce to Allah ya ba da sa'a. Yanzu kuma ya sake turowa wai na hawan jinin da na ce na gwada, in tura masa ya gani tukuna.

Hajiya_Kaltume:
Kar ki tura duka!! Sakin layi biyu na farko, a hoto.

Abba_Sikirif:
In yana da masu yi a dubu ɗaya da ɗari biyar me ya dawo da shi 😂

Dan_Fagge:
Ni dai ina jin tsoron kar a yi biyu babu

Ummu_Haidar:
Na tura masa hoton rabin shafi. Ya ce dubu huɗu zai iya a na lafiya, sunan kuma sai ya yi shawara da abokin da suke shafin tare. Ban amsa ba, Haidar ya tashi yana kuka, sai da safe in sha Allah.

Zee_Marubuciya:
Malam Sadiq kibod ɗin da na ce, ka san inda ake samun mai ƙugiya a jiki ko dole sai an saita a waya?